Waƙar pop: lalacewa ta yi, ko hanyar sayar da ita ce ta sauya?

Malam Garba:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da waƙoƙin pop na Turawa, waɗanda da yawanmu muka tashi muna ji a rediyo da kaset, 'ya'yanmu kuma suke ji yanzu a waya. A ganina wannan kiɗa ya ja baya ƙwarai. A shekarar 2019 waƙar “Old Town Road” ta Lil Nas X ta yi mako 19 tana kan gaba a jerin waƙoƙi 100 da mujallar Billboard take fitarwa a Amurka, alhali asalin waƙar bai cika minti biyu ba, kuma kiɗan da aka ɗora ta a kai yaron ya saya ne a intanet a kan dala 30 daga hannun wani matashi ɗan ƙasar Holan. A kwatanta wannan da “Billie Jean” ta Michael Jackson a faifan Thriller na 1982, wadda ta kusa minti biyar, kuma sai ganga da jita sun yi kusan daƙiƙa 30 suna share fage kafin a ji baitin farko. An ruwaito cewa Quincy Jones, wanda ya shirya faifan, ya nemi a rage wannan shimfiɗa, Jackson ya ƙi, ya ce ita ce take sa shi rawa. Ko kuma a ɗauki “Hey Jude” ta ƙungiyar Beatles ta Ingila a 1968, mai fiye da minti bakwai, wadda ta yi mako tara a matsayi na ɗaya a Amurka. A wancan zamani mawaƙi yana da haƙurin gina waƙa, mai sauraro kuma yana da haƙurin jira. Yanzu kuwa da an kunna sai amshi, a maimaita shi sau uku, a kashe. Ina so in ji ta bakin masana a cikinmu, shin da gaske an yi asara, ko kuwa kunnena ne ya tsufa?

Dakta Rabi'atu:
Wa'alaikumus salam, Malam Garba. Misalan da ka kawo duk haka suke, sai dai ka tsamo su ne daga wani ɗan tsakani da ya fita daban a tarihin wannan kiɗa, ka mai da shi ma'auni. Idan aka bi tarihin tun daga tushe, gajeriyar waƙa ita ce 'yar gida, doguwar ce baƙuwa.

Kasuwar pop ta fara tun kafin a saba da sayar da murya. A ƙarshen ƙarni na 19, a wani layi na birnin New York da aka yi wa laƙabi da Tin Pan Alley, kamfanoni suna ɗaukar marubuta aiki su tsara waƙoƙi, a buga su a takarda da alamomin kiɗa, iyalai su saya su je gida su kaɗa a fiyano. Waƙar “After the Ball” ta 1892 ta sayar da miliyoyin irin waɗannan takardu. Wanda yake so yarinya mai koyon fiyano ta iya kaɗa waƙarsa a falon gidansu, dole ya yi ta da sauƙi, da amshin da zai zauna a ka tun jin farko.

Da garmaho ya yaɗu, faifan da yake juyawa sau 78 a minti, mai faɗin inci goma, ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowace fuska. Ba wani gwanin kiɗa ne ya yanke cewa waƙa ta tsaya a minti uku ba, girman faifai ne ya yanke. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45, mai arha, waƙa ɗaya a kowace fuska, daidai aljihun ɗan makaranta. A 1954 kuma ƙaramar rediyon hannu mai batir ta shigo kasuwa, matashi ya sami damar jin abin da ransa yake so ba tare da ya zauna a gaban iyayensa ba. Gidajen rediyo su ma gajeriyar waƙa suka fi so, domin su sami wurin saka talla. Abin ya kai a 1964 mai shirya faifai Phil Spector ya sa aka rubuta minti 3 da daƙiƙa 5 a jikin faifan “You've Lost That Lovin' Feelin'”, alhali tsawonta ya kai minti 3 da daƙiƙa 45, don kada masu gabatar da shirye-shirye su ture ta gefe.

Waƙoƙi sun fara miƙewa ne lokacin da babban faifan LP, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, ya zama abin da matasa suka fi saya a ƙarshen shekarun 1960, sannan faifan CD na 1982, mai ɗaukar sama da minti 70, ya ƙara sakar wa mawaƙa mara. Waƙoƙin da kake kewa, Malam, 'ya'yan wannan zamanin yalwa ne.

Aminu:
Ranki ya daɗe Dakta, bari in ɗora da abin da ya shafi sana'ata, tunda haɗa kiɗa nake yi a wani ƙaramin sitidiyo a Kano. Manhajar sauraron waƙa ta Spotify, wadda ta fara aiki a ƙasar Suwidin a 2008 kuma ta iso Najeriya a 2021, ba ta lissafa cewa an saurari waƙa sai mutum ya wuce daƙiƙa 30 yana jin ta, kuma kuɗin da waƙar minti biyu za ta samu a sauraro ɗaya shi ne waƙar minti bakwai za ta samu. Wanda ya san haka ba zai ɓata daƙiƙa 30 na farko yana jiran ganga ta yi zafi ba, domin yatsan mai waya yana kan allo, kuma akwai miliyoyin waƙoƙi suna jiran sa. Inda a yau ne aka kawo “Billie Jean” wurin kamfani, ina da yaƙinin Quincy Jones ne zai ci gardamar.

TikTok kuma ya ƙara matse abin. A can ba waƙar gaba ɗaya ake so ba, wani gutsure ne na daƙiƙa 15 zuwa 20 da za a iya yi wa rawa ko barkwanci. Waƙar “Love Nwantiti” ta CKay, wanda haifaffen Kaduna ne, ta fito tun 2019, amma sai a 2021 ta zagaya duniya bayan da wani yanki nata ya kama a TikTok. Mu ma a nan mun ga irin wannan a 2020, lokacin kullen korona, da waƙar “Jaruma” ta Hamisu Breaker, wadda bidiyoyin rawar da mata suka riƙa ɗorawa suka kai ta inda rediyo ba zai kai ta ba. Shi ya sa yanzu mawaƙi yakan shigo ya ce mini, tun ba mu ɗauki baiti ko ɗaya ba, in nuna masa wurin da za a yanka.

Malam Garba:
Aminu, ai maganarka ƙarfafa tawa ta yi. Idan mawaƙi yana tunanin wurin yanka kafin ya yi tunanin abin da zai faɗa, to ina fasahar take? Dakta kuma na ji bayanin tsawo, amma ba tsawo kaɗai nake nufi ba. A da mutane ne suke taruwa a ɗaki da jita da ganga da ƙaho, su yi ta maimaitawa har ya yi daidai. Yau mutum ɗaya ne da kwamfuta, sai kuma sunayen marubuta takwas ko goma a bayan waƙar da ba ta da baiti uku. Wannan masana'anta ce, ba waƙa ba.

Injiniya Lawal:
Malam Garba, Allah ya ƙara girma. Idan masana'anta ce laifin, to zamanin da kake yabo ya fi kowane zamani laifi, domin a lokacin ne aka gina masana'antar waƙa mafi tsari da aka taɓa gani. Berry Gordy ya kafa kamfanin da ya zama Motown a birnin Detroit a 1959 da bashin dala 800 da ya karɓa daga asusun danginsa. Kafin nan ya yi aiki a layin haɗa motoci na kamfanin Ford, kuma bai ɓoye ba cewa tsarin can ya kwaso. Marubuta daban, makaɗa daban, mawaƙa daban. Mutum uku, Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland, su suka rubuta akasarin manyan waƙoƙin Supremes, ƙungiyar da ta hau matsayi na ɗaya sau 12 a Amurka. Makaɗan gidan, waɗanda ake kira Funk Brothers, su suka kaɗa kusan duk abin da ya fito daga ƙaramin ɗakin ɗaukar sautin nan na titin West Grand Boulevard, amma shekara da shekaru ba a ko rubuta sunayensu a jikin faifai. Har wata mata aka ɗauka, Maxine Powell, aikinta shi ne koya wa yaran yadda ake tafiya da zama da magana a gaban manya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne taron da suke yi kowace safiyar Juma'a. Ana kunna sababbin waƙoƙin da aka ɗauka a makon, ma'aikata su jefa ƙuri'a, wadda ba ta tsallake ba ta koma ɗaki ko ta mutu a nan. An ruwaito cewa Gordy yakan tambaye su, idan mutum yana jin yunwa kuma dala ɗaya ce ta rage masa, abinci zai saya ko wannan faifai? Sannan sukan gwada sautin a 'yar ƙaramar lasifika mai kama da ta rediyon mota, domin sun san a nan jama'a za su ji shi, ba a ɗakin da aka ƙawata ba. Ban ga bambancin wannan da abin da Aminu yake yi ba idan ya tura waƙa cikin wayarsa ya saurara kafin ya sallami mai ita.

Kuma daga wannan masana'anta ce Stevie Wonder da Marvin Gaye da Diana Ross suka fito, haka shi kansa Michael Jackson, wanda ya shiga Motown da 'yan uwansa yana yaro. Bayan su tsarin ya koma birnin Stockholm, inda Max Martin ya rubuta wa Britney Spears waƙarta ta farko a 1998, ya ci gaba da rubuta wa wasu har waƙoƙinsa sama da 20 suka hau matsayi na ɗaya a Amurka. Mutane da yawa sun haddace aikinsa ba su taɓa jin sunansa ba.

Hajiya Saudatu:
Ina biye da ku tun farko, kuma akwai abin da bai kwanta mini ba a bayanin Dakta da na Injiniya. Kun ba da tarihin faifai da rediyo da manhaja, kamar wanda zai ba da labarin tuwo ya yi ta yabon tukunya ya manta da mai tuƙi. Na'ura tana iya yanke tsawon waƙa, amma ba ita ta haifi kiɗan ba. Abin da ya mai da pop abin da yake a yau, wato bugun da ke sa jiki motsi da salon jan murya da amsa-amo tsakanin jagora da 'yan amshi, daga baƙaƙen fatar Amurka ya fito, daga waƙoƙin coci da na baƙin ciki na kudancin ƙasar. Kuma tarihin pop, in za a faɗi gaskiya, tarihin yadda aka riƙa karɓe wannan kiɗa ne ana sauya masa fuska.

Har zuwa 1949 mujallar Billboard tana ware waƙoƙin baƙaƙe a wani jeri na daban da sunan launin fata. Big Mama Thornton ce ta fara rera “Hound Dog”, aka sake ta a 1953, amma sai da Elvis Presley ya maimaita ta a 1956 duniya ta san ta, kuma shi ne ya kwashi arzikin. Pat Boone ya ɗauki “Tutti Frutti” ta Little Richard ya cire mata yaji, tasa ta fi ta mai ita hawa sama a jerin. Su kansu Beatles, waɗanda wajen mutum miliyan 73 suka kalla a shirin talabijin na Ed Sullivan a watan Fabrairun 1964, da waƙoƙin Chuck Berry da na Motown suka koyi sana'a a Liverpool, kuma sun sha faɗin haka da bakinsu. Tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, MTV, da aka buɗe ranar 1 ga Agustan 1981 ta ɗauki lokaci ba ta cika nuna baƙaƙen mawaƙa ba, har David Bowie ya tuhume su a kan haka a wata hira da suka yi da shi a 1983, shekarar da bidiyon “Billie Jean” ya fasa wannan katanga.

Saboda haka tambayar da ta fi damuna ba tsawon waƙa ba ce, Malam Garba. Tambayar ita ce wa ya yi, wa kuma ya ci.

Bello Garwa:
Hajiya, ranki ya daɗe, mu a Kamaru muna da namu rabon a wannan labari. Manu Dibango, ɗan Duwala, ya saki “Soul Makossa” a 1972, a bayan faifan da aka yi domin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da ƙasarmu ta karɓi baƙunci a shekarar. Masu kunna faifai a gidajen rawa na New York suka tsince ta, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka share wa kiɗan disko hanya. Bayan shekara goma sai ga amshinta a ƙarshen waƙar farko ta faifan Thriller ba tare da an nemi izininsa ba. Dibango ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu. A 2007 Rihanna ta sake ɗaukar wannan amshi daga wurin Jackson, Dibango ya sake komawa kotu a 2009. Don haka faifan da Malam Garba ya kafa hujja da shi ma akwai hannun Afirka a ciki, kuma sai da aka yi shari'a kafin a biya.

Dakta Rabi'atu:
Hajiya Saudatu, ban musa ko ɗaya daga abin da kika faɗa ba, sai dai ina ganin maganganunmu biyu a haɗe suke. Rediyon hannu ce ta sa yaron Bature a unguwar da aka hana baƙaƙen fata zama ya riƙa kama tashoshin baƙaƙe da dare, kuma daga nan katangar ta fara tsagewa. A kan tambayar wa ya ci kuwa, lissafin kuɗin ya yi juyi biyu a cikin shekara 25. Cinikin faifai a duniya ya kai ƙololuwa a 1999, shekarar da wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya fito da Napster, manhajar da ta ba mutane damar musayar waƙoƙi kyauta. Kotu ta durƙusar da ita a 2001, amma jama'a sun riga sun ɗanɗana. Kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, wanda hakan ya kashe al'adar tilasta wa mutum sayen faifai mai waƙa goma sha biyu saboda guda biyu da yake so. Ciniki ya yi ta zubewa har 2014, sannan sauraro ta intanet ya tashe shi. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, ta ce a 2023 an samu dala biliyan 28.6, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga sauraron intanet ne.

Kuɗi sun dawo, amma ba hannun da suka bari suka koma ba. Mai sayen faifai a da, kuɗinsa wurin mawaƙin da ya zaɓa suke zuwa. Mai biyan kuɗin wata a manhaja, nasa ana zuba su a asusu ɗaya ne a raba bisa yawan sauraro, ta yadda manyan taurari suke kwashe kaso mafi tsoka ko da shi bai taɓa jin su ba. Daga 2024 ma Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba.

Malam Garba:
To a bar batun kuɗi. Me za ku ce game da na'urar gyaran murya? Marigayi Mamman Shata yakan tsaya a gaban jama'a da kalangu da 'yan amshi ya ƙirƙiri baiti nan take, kuma abin da ya fito daga bakinsa shi ake ji. Haka Aretha Franklin a can Amurka. Yanzu wanda bai iya riƙe murya ba ya shiga ɗaki ya fito da sauti sumul kamar na gwani. Wannan ai yaudara ce.

Aminu:
Baba, a nan zan ɗan kare kaina. Na'urar da kake magana, wato Auto-Tune, wani injiniya ne ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, wanda a da yake nazarin amon da ake turawa ƙarƙashin ƙasa domin neman man fetur, aka fara sayar da ita a 1997. Asalin aikinta gyara ne a ɓoye. Amma tana da wani maɓalli na saurin gyara, wanda idan aka murɗa shi zuwa ƙarshe murya takan daina zamewa daga wannan mataki zuwa wancan yadda ta ɗan Adam take yi, sai ta riƙa tsalle. Wannan tsalle aka ji a waƙar “Believe” ta Cher a 1998, kuma Cher ba ta cikin waɗanda za a ce ba su iya waƙa ba. T-Pain ya mai da shi tambarinsa daga 2005.

A sitidiyonmu na Kano, inda waƙoƙin fim suka ginu a kan fiyanon Yamaha da salon namiji da mace suna karɓa-karɓa irin na finafinan Indiya, wannan sauti ya zama abin da kunne yake nema. Mawaƙiya takan shiga ɗan ɗakin ɗauka ta rera baiti lafiya lau, babu inda ta kauce, in kunna mata a haka ta ce a'a, bai yi zaƙi ba, a ƙara. Idan na murɗa maɓallin muryar ta ɗauki wannan kaifi da rawar, sai ta yi murmushi. Ba ɓoye rauni take yi ba, ado take so. Wanda bai iya ba kuwa, na'urar ba ta ba shi numfashi ko iya ajiye kalma a kan bugu, kuma duk mai sana'ar yana ganewa cikin daƙiƙa biyar.

Dakta Rabi'atu:
Ƙari a kan wannan, Malam, makirufo ma an yi masa irin wannan zargi. Kafin a fara ɗaukar sauti da lantarki a 1925, mawaƙi sai ya ɗaga murya ta cika zaure. Da makirufo ya zo, irin su Bing Crosby suka riƙa matsowa kusa suna rerawa a hankali, masu sukar zamanin suka ce wannan ba waƙar maza ba ce, dabara ce ta marasa ƙarfin murya. A 1932 babban limamin Katolika na birnin Boston, Kadinal O'Connell, ya fito fili ya la'anci salon. Wannan salo shi ne Frank Sinatra ya gada.

Zainab:
Iyayena, ku ba ni dama a matsayin ƙaramar cikinku. Duk wannan muhawara ana yin ta ne kamar har yanzu pop na Amurka da Ingila ne kaɗai, alhali babban abin da ya sauya a zamaninmu shi ne an daina buƙatar Turanci kafin a ci kasuwar duniya. A watan Disambar 2012 “Gangnam Style” ta Psy, da harshen Koriya, ta zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube. A 2017 “Despacito”, da akasarinta Sifaniyanci ne, ta yi mako 16 a matsayi na ɗaya a Amurka. Bad Bunny na Fotoriko shi aka fi saurara a Spotify a duk duniya shekara uku a jere, daga 2020 zuwa 2022. Kamfanonin Koriya ta Kudu irin su SM Entertainment, wanda aka kafa a 1995, sun ɗauki tsarin da Injiniya ya bayyana sun tsananta shi, suna horar da yara shekaru a kan waƙa da rawa da harsuna kafin su fito.

Daga Najeriya kuma, Wizkid ya hau matsayi na ɗaya a Amurka tare da Drake a 2016, Burna Boy ya ci kyautar Grammy a 2021, “Calm Down” ta Rema da Selena Gomez ta kai matsayi na uku a Amurka a 2023, sannan a 2024 aka buɗe wani rukuni na musamman na waƙar Afirka a Grammy, wanda Tyla ta Afirka ta Kudu ta fara ci, Tems ta biyo ta a 2025. A zamanin Dibango sai wani ya ɗauki amshinka sannan duniya ta ji. Yanzu mai abin ne yake tsayawa a dandamali a Landan da kansa. Wayar da Malam Garba yake zargi ita ce ta kawo wannan.

Hajiya Saudatu:
'Yata Zainab, na yi murna da wannan, amma ki duba wanda yake riƙe da takardun. Kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su suke juya mafi yawan kasuwar duniya, kuma manyan taurarin Legas ɗin da kika lissafa da dama cikinsu ta hannun rassan waɗannan kamfanoni suke fita waje. Ko Taylor Swift, wadda rangadinta na 2023 zuwa 2024 ya tara sama da dala biliyan biyu, sai da ta koma sitidiyo tana sake ɗaukar tsofaffin faifanta ɗaya bayan ɗaya saboda an sayar da asalinsu a 2019 ba da son ranta ba, kuma sai a 2025 ta iya saye su. Idan wannan ne halin mai ƙarfi, a ƙiyasta na ƙaramin mawaƙi.

Akwai kuma wani abu da zai yi wa Malam Garba daɗi. Tsofaffin waƙoƙi sun zama kadara. Bob Dylan ya sayar da haƙƙin waƙoƙinsa ga Universal a 2020, Bruce Springsteen ya sayar da nasa ga Sony a 2021. Wata waƙar Kate Bush ta 1985 ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a 2022 saboda an saka ta a wani wasan kwaikwayo na Netflix. Sabon mawaƙi yau ba da sa'o'insa kaɗai yake gogayya ba, har da duk wanda ya taɓa yin faifai, matacce da rayayye.

Injiniya Lawal:
Har da wanda bai taɓa rayuwa ba, Hajiya. A 2023 wani da ya ɓoye sunansa ya saki waƙar da aka kwaikwayi muryar Drake da ta The Weeknd da ƙirƙirarriyar basira, mutane da yawa suka saurara kafin kamfanin Universal ya sa a sauke ta. A nan ne nake ganin damuwar Malam Garba ta sami gindin zama, domin makirufo da Auto-Tune duk suna buƙatar mutum ya tsaya ya buɗe baki, wannan kuwa ba ta buƙata.

Malam Garba:
Na karanta duka, kuma na gode. Bayanin faifai da na Motown sun shige ni, amma ina nan a kan abu ɗaya. Waƙoƙin da na ambata suna da wani wuri a tsakiya inda kiɗa yake sauya hanya, a bar amshi a shiga wani yanayi, sannan a dawo da ƙarfi, wani lokaci ma a ɗaga sautin gaba ɗaya a baitin ƙarshe. Waƙar “You've Lost That Lovin' Feelin'” da Dakta ta kawo tana da shi, duk da matsin rediyo. Yawancin na yanzu zagaye ɗaya ne na kiɗa daga farko har ƙarshe. Na yarda kasuwa ce ta jawo, amma sanin dalilin asara ba ya mai da ita riba.

Aminu:
Baba, wannan gaskiya ne, kuma dalilinsa a wurin aikinmu yake. A da waƙa ake rubutawa sannan a nemo mata kiɗa, yanzu kuwa ni nake fara haɗa zagayen bugu na daƙiƙa takwas ko goma, mawaƙi ya zo ya ɗora murya a kai, don haka sauya hanya a tsakiya yana nufin in rushe ginin in sake. Ana iya yi, sai dai mai waƙar ne zai biya ƙarin lokacin sitidiyo. A nan kuma lissafin Dakta bai cika shafarmu ba tukuna, domin mawaƙin Hausa ba daga Spotify yake ci ba. Ana jin sa a YouTube da Audiomack da Boomplay, da kuma memorin da masu tura waƙa a bakin kasuwa suke cikawa, wanda ko sisi ba ya zuwa hannunsa. Kuɗinsa na gaske suna wurin biki da taron siyasa da waƙar da wani ya ba da kwangila a yi masa. Shi ya sa waƙoƙinmu har yanzu sukan kai minti biyar ko shida. Amarya da ta biya tana so a ambaci sunanta da na ango da na iyaye da ƙawaye, kuma ba za ta yarda a kashe a minti biyu ba.